Daga Batirin Waya Zuwa Mota: Yadda Fitar da Motoci ke Haɓaka Arzikin China

Yawancinmu mun san China ne ta wayoyin hannunmu, irin su Tecno, Infinix da Redmi. Amma a 2023 ƙasar ta fitar da motoci kusan miliyan 5 zuwa waje, ta sha gaban Japan mai kimanin miliyan 4.4. To, me hakan ke ƙara wa ƙasa?

1. Kuɗin waje

Duk motar da aka sayar a ƙetare, kuɗin waje ne ya shigo gida, kuma ana lissafa ta cikin jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara. Ƙasar da sai dai ta shigo da mota kuwa, dalarta ce ke zurarewa.

2. Ayyukan yi

Mota ɗaya na ɗauke da dubban kayayyaki. Kafin ta hau jirgin ruwa, mai narkar da ƙarfe, mai yin gilashi, mai taya da mai rubuta manhajar allon motar duk sun samu nasu.

3. Bunƙasar fasaha

Nan ne abin ya fi shafarmu. An kafa BYD a Shenzhen a 1995 yana yin batira, har ya riƙa sayar wa Motorola da Nokia. A 2003 ya shiga harkar mota, kuma ƙwarewarsa a batir ce ta ba shi ƙarfi a motocin lantarki. Xiaomi ma ya fito da motarsa SU7 a 2024. Yawan abin da kamfani ke ƙerawa na rage kuɗin haɗa kowace mota, ribar kuma ta koma bincike. Sannan kasuwar waje na tilasta masa cika ƙa'idojin inganci masu tsauri.

Ina haɗarin yake?

Mai saye na iya rufe ƙofa. A 2024 Amurka ta ɗaga harajin motocin lantarki na China zuwa kashi 100 cikin 100, Tarayyar Turai ita ma ta ƙara nata. Wannan na cikin dalilan da ke sa kamfanoni kafa masana'anta a waje. BYD ya buɗe ɗaya a Tailan a 2024. Idan aka yi haka, kamfanin na ci gaba da cin riba, amma albashin ma'aikata ya koma wata ƙasa.

Don haka idan ka ji ƙasa na fitar da motoci, ka tambaya: kashi nawa na kayan motar ake ƙerawa a cikin gida? Gwargwadon yawansa, gwargwadon ribar ƙasar. Sai mun haɗu a darasi na gaba.