Dodon Koɗin Ciyawar Teku da Barazanar Kaguwa

A gaɓar arewacin Tekun Atilantika, ta ɓangaren Turai da na Amurka, akwai wani ƙaramin dodon koɗi da masana ke kira Littorina obtusata. Girmansa bai cika wuce santimita ɗaya da rabi ba. Rayuwarsa kacokan ta rataya ne a kan ciyawar teku mai ruwan ƙasa: ita yake kankara ya ci, a jikinta yake saka ƙwai, a nan kuma 'ya'yansa ke ƙyanƙyashewa su fara rarrafe.

Babban makiyinsa koriyar kaguwa ce, wadda ke fasa katantanwarsa ta cinye naman. A arewa maso gabashin Amurka, katantanwar da aka tattara kafin 1900 doguwa ce marar kauri. Bayan kaguwar ta mamaye yankin, wadda aka tattara a shekarun 1980 gajeriya ce mai kauri, mai wuyar fasawa.

Masana na danganta wannan da dalilai biyu. Na farko, kaguwa ta fi cinye masu raunin katantanwa, masu kauri suka tsira suka hayayyafa. Na biyu, gwaji ya nuna cewa warin kaguwa a cikin ruwa kaɗai kan sa katantanwar mai tasowa ta ƙara kauri.