Motar da Za Ta Kai Ka Har Ƙofar Gida: Shawarwari ga Mai Niyyar Saye a Ƙasar Bande

Babban titin da ya ratsa Bande shi ne wanda ya taso daga Damagaram ya gangara Magarya, ya wuce ta Tinkim zuwa iyakar Najeriya. Kowace irin mota tana iya tafiya a kansa. Amma mafi yawan mutanen ƙasar nan ba a bakin kwalta suke kwana ba. Da zarar ka sauka hagu ko dama, ko ka nufi ƙauyukan Dungas, sai yashi, sai kwari, sai sawun amalanke. Motocin da ake kawo mana kuwa an ƙera su ne don titunan Turai da Amurka, kuma sun ci rabin rayuwarsu a can kafin su iso. Ga abubuwan da ya kamata iyali su tattauna a kansu kafin a sayar da sa ko a taɓa kuɗin rake.

1. Fara da hanya, mota ta biyo baya. Zauna ka lissafa inda motar za ta riƙa zuwa a mako: gona, kasuwa, makarantar yara, asibiti, gidan surukai. Cikin waɗannan wuraren, wanda hanyarsa ta fi muni shi zai zaɓa maka mota. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da ke kai da komo tsakanin Bande da Magarya a kan kwalta, ƙaramar mota irin Corolla ta ishe shi har ta yi yawa. Wanda gidansa ke bayan tudun yashi, ko wanda ke shiga fadama ɗauko rake da kayan lambu, abin da zai fara dubawa shi ne tsayin cikin motar daga ƙasa. Na Corolla bai wuce kamar santimita 15 ba, na RAV4 ya kusa 20, na Hilux ya haura haka. Bambancin kamar ba shi da yawa, amma a sawun da manyan motoci suka haƙa, tsakiyar hanya tudu ce, kuma wannan tudun ne ke fasa kaskon baƙin mai ya tsinke salansa. Kada kuma a yanke hukunci da hanyar rani. A tuna da yadda take a watan Agusta, lokacin da kwari ke cika da ruwa, kuma lokacin ne zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, ana neman wanda zai kai su asibitin Magarya cikin dare.

Sai dai a yi hattara da ɗokin mota mai jan ƙafa huɗu. Wanda zai shiga yashi sau biyu ko uku a shekara, gara ya ɗauki haya a ranakun nan da ya riƙa ciyar da ƙaton inji kullum.

2. Je wurin makanike kafin ka je wurin dillali. Dillali la'adarsa yake nema, kuma ba laifi ba ne, sana'arsa ke nan. Makanike kuwa shi za ka riƙa gani shekara da shekaru. Tambaye shi abu uku: wace mota ce ya fi sanin cikinta, kayan wace mota ake samu a Magarya a yini ɗaya, kayan wace ce sai an aika Damagaram ko Kano. Amsar da za ka ji ba za ta ba ka mamaki ba, yawanci Toyota ce: Starlet, Corolla, Carina E, Avensis, Hiace, Hilux. Ba wai sauran kamfanoni ba su iya ƙira ba. Dalili shi ne motar da ta yi yawa a gari kayanta sun yi yawa, sabo da na hannu, kuma ko yaron gareji ya kwance irinta ya ɗaura. Haka Peugeot 504 ta yi zamaninta a ƙasar Hausa, musamman bayan da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975. Kowane gari akwai mai gyaranta.

Mutanenmu sukan ce ai Kano kusa ce, duk abin da aka rasa yana kasuwar Ƙofar Ruwa. Gaskiya ne, muddin iyaka a buɗe take. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A irin wannan lokaci, mai motar da babu irinta a yankin yakan ɗora ta a kan duwatsu saboda ƙarfe ɗaya da bai fi tafin hannu ba, yayin da mai Corolla ke samun nasa a tsohuwar da aka kwance a bayan gareji.

3. Zaɓi inji marar rikici. Motocin baya-bayan nan cike suke da na'urori, idan fitila ta kama a gaban direba sai an jona kwamfuta kafin a san ciwon. In mai wannan kwamfuta yana Damagaram, kowace ƙaramar matsala ta zama tafiya. A nawa ganin, ga mazaunin karkara giyar hannu ta fi: ana iya tura motar ta tashi idan batir ya mutu, gyaran kuloci sananne ne, kuma a yashi direba ne ke da iko da giyarsa. Mai canza giya da kanta ta fi daɗi a cikin gari, ta fi sauƙi ga mai koyo, amma idan akwatin giyar ya lalace kuɗinsa na iya kai wani babban kaso na kuɗin motar. Injin gas na zamani, irin wanda Toyota ke rubuta wa D-4D, yana da ƙarfi da tsimin mai, sai dai ba ya yafe gurɓataccen mai ko kaɗan. A tambaya kuma ko injin da bel yake aiki ko da sarƙa. Na Carina E bel ne, ana canza shi wajen kowace kilomita 100,000. In mai sayarwa bai san ranar da aka canza ba, a ɗauka ba a canza ba.

4. Yi lissafin mai da alƙalami. Tun Nuwamban 2011 muna da matatar SORAZ a arewacin Damagaram, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Shekaru da yawa litar fetur tana kan sefa 540, a Yulin 2024 gwamnati ta mayar da ita 499. Da wannan farashi, motar da ke shan kamar lita 8 a kilomita 100 za ta ci maka kusan jaka huɗu, mai shan lita 14 kuma kusan jaka bakwai. Ninka wannan bambanci da tafiyar wata guda, ka ga ko buhun hatsi nawa ne. A yashi da ƙaramar giya, kowace mota tana shan fiye da haka.

Da can masu manyan injuna a bakin iyaka ba su damu ba, saboda man ruwa-ruwa da ake shigowa da shi daga Najeriya ya fi na gidan mai araha. Tun da Shugaba Tinubu na Najeriya ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 wannan garaɓasa ta ƙare, kuma a Maris na 2025 an ga dogayen layuka a gidajen man Nijar. Idan dole ta sa ka sayi na kwalba a hanya, a tace da ƙyalle mai tsabta, kuma a riƙa canza matatar mai a kan kari.

5. Ranar dubawa, tafi da naka makanike, ka biya shi ladansa. Ku je da safe, ku ce kada a tayar da motar kafin ku iso, domin injin da ya kwana shi ke faɗin gaskiya. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar inji na ƙona baƙin mai ne. Farin hayaƙi da bai daina ba bayan inji ya ɗumama, ko wani abu kamar kindirmo a ƙarƙashin murfin baƙin mai, alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba. A buɗe lagireto tun inji na sanyi a ga ko tsatsa ce a ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Motar da ta saba tafasa ruwa ba ta daina wa sabon mai ita.

A sa yaro ya shiga ƙarƙashi da tocila. Motocin Turai da yawa gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya cinye cikinsu, an shafe da baƙin fenti. Na Amurka kuma akwai waɗanda aka sayo a gwanjon motocin haɗari ko ambaliya: a ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina, a duba ko ƙofofi na rufuwa daidai, ko launin fenti ya bambanta daga wannan gefe zuwa wancan. Kada lambar tafiyar da ke gaban sitiyari ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya. Ta motar Amurka ma da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Sulɓin sitiyari da cinyewar robar birki sun fi lambar gaskiya.

Sannan a gwada ta a hanya irin taka, da mutane a ciki. Mai motar da ya ce kada a sauka daga kwalta ya riga ya gaya maka wani abu.

6. Takarda kafin kuɗi. Shekaru da dama motocinmu ta Kwatano suke shigowa. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, 'yan kasuwa da yawa suka koma Lome, hanya ta ƙara tsawo, farashi ya bi ta. Wannan ya sa motar da ke ɗauke da lambar Najeriya, wadda wani zai tsallako da ita ya yi maka araha, take jan hankali. Araha ba ta ado. Kafin ka yi murna, je ofishin duwan ka ji abin da za ka biya ta zama ta Nijar, ka haɗa da kuɗin saye. A kowace mota, a gwada lambar jikinta, mai haruffa da alƙaluma 17, da wadda ke kan katgiris da takardar duwan, harafi bayan harafi. Sunan da ke kan takarda ya zama na mai sayarwa, ko kuma ya kawo shaidar yadda ta zo hannunsa. A rubuta takardar ciniki da shaidu, ko da ɗan'uwa ne. Musamman ma idan ɗan'uwa ne. Inshora, binyet da takardar duba lafiyar mota su ma kuɗi ne na kowace shekara. Mai zuwa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko mai ziyara Daura da Kano ya tambayi kamfanin inshorarsa takardar da ake karɓa a tsallake.

7. Jin daɗi ba ado ba ne, kuma ba maigida kaɗai zai auna shi ba. Shi yana gaba, kujerarsa ta fi ta kowa. A bar uwargida ta zauna a baya da goyo ta faɗi yadda ta ji, a ga ko tsohuwa za ta iya hawa ba sai an ɗaga ta ba. Hilux a nan takan faɗi jarrabawa, ga tsayi ga girgiza idan bayanta ba kaya. Kujerar fata kyan gani gare ta, amma bayan awa ɗaya a rana ba ta zaunuwa, ta yadi ta fi. Na'urar sanyi mai aiki tana da amfani biyu: zafin bazara, da ƙurar hunturu da ke sa dole a rufe gilashi. Tagar da ake murɗawa da hannu ba ta mutuwa a buɗe ranar ruwan sama. Iyali mai yawa su duba doguwar Corolla ko Avensis mai faɗin baya, ko mai kujeru bakwai, maimakon a cusa mutum takwas a motar mutum biyar ana ɗora wa Allah.

8. Duba taya. A gefenta akwai alƙaluma huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta bai cinye ba, robar ta bushe, kuma kwalta mai zafi ita ke fasa irinta. A guji ƙafa mai faɗi da siririyar taya. A nemi girman da kowane mai faci ke da shi, a sayi famfon iska, domin a yashi ana rage iska kaɗan, a mayar idan an hau titi.

9. Kada kuɗin ya ƙare ranar saye. Motar hannu, komai kyanta, tana da buƙata a watan farko: baƙin mai, matatun iska da na mai, birki, wataƙila batir ko taya biyu. Mai jaka dubu uku ya nemi motar da ba ta kai haka ba, ya riƙe sauran. Bayan nan, a irin ƙurarmu, a canza baƙin mai wajen kowace kilomita 5,000, a kakkaɓe matatar iska duk mako lokacin hunturu.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa. A ƙauye, mota ɗaya ta gari ce: mai naƙuda, ɗaukar amarya, gaisuwar mutuwa a Wacha ko Matamaye, duk ƙofarka za a ƙwanƙwasa, kuma ba kowa ake iya ce wa a'a ba. Gara tun makon farko a san ƙa'ida. Marar lafiya a kai shi ko da wane lokaci. Biki da kasuwa, mai buƙata ya zuba mai. Makulli kuma ya tsaya a hannun mutum ɗaya ko biyu masu lasisi, don motar da samari biyar ke koyon tuƙi da ita kulocinta ba ya ganin damina biyu.