Me Ya Sa Zanen Ƙaruwar Gudu Yake Tsalle-Tsalle?

Tambaya: Malam, a ɗakin gwajin fiziks muna auna tafiyar ƙaramin amalanke da na'urar gano motsi. Zanen nisa yana fita sumul a kwamfuta, amma na ƙaruwar gudu kamar haƙoran zarto. Na'urar ce ta lalace? Ɗaliba daga Zariya.

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, da wuya a ce ta lalace. Nisa kaɗai take aunawa. Kamar jemage, takan aika sautin da kunne ba ya ji, ta jira amsa-kuwwa. A zafin digiri 20, sauti yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa. Sai ta ninka wannan da lokacin da aka ɗauka, ta raba biyu, tunda zuwa da dawowa ne.

Gudu kuwa kwamfuta ce ke lissafa shi daga canjin nisa, ƙaruwar gudu kuma daga canjin gudu. A nan gizo ke saƙar. In kuna ɗaukar awo 50 a daƙiƙa, kuskuren milimita 1 zai zama mita 0.05 a daƙiƙa a gudu, ya kai kusan 2.5 a ƙaruwarsa.

Ku rage awon zuwa 20 a daƙiƙa, ku kashe fanka, ku kawar da littattafai da hannuwa daga gaban na'urar. Ku manna kwali a jikin amalanken don sautin ya dawo sosai, kada kuma ya matso kusa da ita ainun.

Domin ku tabbatar, ku rataye na'urar sama, ku saki ƙwallo ƙarƙashinta. In kun samu ƙaruwar gudu kusan 9.8, lafiyarta ƙalau.