Layin Durowa da Sakata a Mota Mai Ɗaki: Abin Yi da Abin Bari

A Turai da Amurka mutane kan sayi motocin kaya irin su Mercedes Sprinter, Ford Transit da Fiat Ducato, su mayar da cikinsu ɗaki mai gado, murhu, firij da durowoyi. Tun a 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara ƙera wa motocin Volkswagen irin waɗannan kaya. Duk da wannan dogon tarihi, har yau ana maimaita kuskure guda: a ɗauko kayan kabad na ɗakin girki a ɗaura wa mota. Ɗakin girki ba ya taka birki, ba ya shan kwana, ba ya faɗa wa rami. Kafinta, ka riƙe wannan tun kafin ka ɗauki sukudireba: layin da durowa ke gudu a kai nauyi yake ɗauka, sakata ce ke riƙe ta a rufe. Kowanne da aikinsa.

Abin da za ka yi

1. Ka auna nauyin durowa da kayanta a ciki. Ƙa'idar Turai ta ɗaure kaya a mota, EN 12195-1, tana lissafin cewa idan an taka birki da ƙarfi kaya na tunkuɗowa gaba da kashi 80 cikin 100 na nauyinsu, a kwana kuma suna turawa gefe da rabin nauyinsu. Durowa mai kilo 20 ke nan za ta matsa wa sakata da ƙarfin kilo 16 a birki, kilo 10 a kwana. Da wannan lissafi za ka shiga kasuwa.

2. Ka sayi layi mai boris wanda ke fitowa har ƙarshe. Na yau da kullum, irin Accuride 3832, yana ɗaukar kusan kilo 45, ya isa cokula, tufafi da ƙananan tukwane. Firij, batir da akwatin kayan aiki kuwa sai babban layi mai kulle kansa a rufe da kuma a buɗe, irin wanda ke kaiwa kilo 200 da ɗoriya.

3. Ka bar tazarar da layin ke bukata, ba ƙari ba ragi. Layi na yau da kullum milimita 12.7 yake so a kowane gefe, manyan kuwa kusan milimita 19. Ka karanta takardar da ta zo da shi kafin ka yanka katako. Idan tazarar ta matse, boris zai cinye. Idan ta yi yawa, durowa za ta riƙa kaɗawa har ta fice daga layi.

4. Ka sa sakata mai harshe wadda ke kama jikin kabad da gaske, wadda ba ta buɗewa sai an danna maɓalli ko an ɗaga mariƙi. Irin waɗanda ake sa wa jiragen ruwa, kamar na kamfanin Southco, don jijjiga aka yi su. Durowa mai faɗi ko mai nauyi, sa mata biyu.

5. Ka yi aiki da filawud mai kyau, kaurin milimita 12 zuwa 15. Inda nauyi yake, huda katakon ya ɓulle, ka sa ƙusa mai noti da wosha. Notin ya zama mai roba a ciki, wanda girgiza ba ta kwance shi.

6. Ka gwada a kan hanya. Cika durowoyin kamar za a yi tafiya, nemi fili babu mutane, taka birki, sha kwana dama da hagu, bi gargada. Bayan tafiyar farko ka sake bin kowane noti da sifana.

Abin da ba za ka yi ba

1. Kada ka dogara da maganaɗisu ko 'yar rolar da ke kama ƙofar kabad. Kwana ɗaya mai kyau ta isa ta watso maka wuƙaƙe da kwanoni a tsakar mota.

2. Kada layi mai rufe kansa a hankali ya ruɗe ka. Ɗan sifirin da ke cikinsa jawo durowa yake yi ta rufu ba ƙara, ƙarfinsa bai kai ya riƙe kilo 10 ba. Ko ka sa shi, sakata dole ce.

3. Kada ka loda wa layi iyakar nauyin da aka rubuta a kwalinsa. A kabad da ke tsaye aka gwada wannan adadi. Kowane rami guduma ne a kan boris, don haka ka bar rata mai yawa.

4. Kada ka ɗaura layi a allon garin katako da aka matse, irin MDF. Jijjiga na cinye ramin sukuru, danshi kuma na kumbura allon.

5. Kada ka sa durowa mai nauyi a sama, kuma kada bakinta ya kalli direba. Mai nauyi ƙasa, kusa da daɓen mota. Wadda ta kalli gaba, ranar da sakata ta saki, kan mutanen da ke kujera za ta nufa.

6. Kada ka huda jikin mota sai ka leƙa bayan wurin. Wayoyin lantarki, tankin mai da bututun birki duk a nan suke ɓoye. Ramin da ka huda kuma ka shafa masa fenti, in ba haka ba tsatsa ta samu ƙofa.

7. Kada ka zuba wa layi baƙin mai. Ƙura yake tarawa ta zama laka, boris ya cije. Goge shi da tsumma, ka shafa giris kaɗan.

8. Kada ka tayar da mota sai ka ja kowace durowa da hannunka ka ji ta kama. Sakata mai tsada da aka manta ba a danna ba, ita da babu duk ɗaya.

Mai mota zai yaba santsin durowa da kyan fenti ranar da ka miƙa masa aiki. Ainihin jarrabawarka kuwa tana can gaba, ranar da dabba ta gitta masa a titi ya take birki, 'ya'yansa na zaune cikin motar. Ka yi aikin da ranar nan durowa za ta zauna a inda ka ajiye ta.