Me Ya Sa Configure Ke Yi Wa Kwamfaila Gwaji?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Ɗanbatta, ina koyon rubuta manhaja da harshen C. Duk sanda zan harhaɗa wani laburare a Linux, sai configure ya jero layuka barkatai, wannan ya ƙare da "yes", wancan da "no". Me yake dubawa? Me zai hana ya duba lambar sigar kwamfaila kawai ya wuce?

Amsa: Wanda ya rubuta laburaren bai san injin da kake da shi ba. Wataƙila GCC ce kwamfailarka, wataƙila Clang, tsohuwa ko sabuwa. Shi ya sa configure ke rubuta ɗan gajeren shiri mai amfani da abu ɗaya tak, ya miƙa wa kwamfaila. Idan ta harhaɗa shi lafiya, sai a rubuta a fayil ɗin config.h cewa akwai abin, da suna mai farawa da HAVE_. Idan ta ƙi, sai laburaren ya bi wata hanya ko ya haƙura da abin. Autoconf, mai samar da configure, wanda David MacKenzie ya soma a 1991, a kan wannan dabara aka gina shi, haka ma CMake da ya zo a 2000.

Lambar siga ba shaida ba ce. Clang kanta tana gabatar da kanta da sunan GCC don tsofaffin shirye-shirye su karɓe ta, alhali ba kome suke yi iri ɗaya ba. Manomi mai hankali ba ya dogara da rubutun jikin buhun iri; yakan jiƙa kaɗan ya ga ko zai tsiro kafin ya shuke gonarsa.

Amma ka kula da "no", domin kowace irin tangarɗa tana iya haifar da ita, ko da kuskuren daga gwajin yake. Da GCC 14 ta fito a 2024, ta daina yarda a kira aikin da ba a gabatar da shi tun farko ba. Tsofaffin gwaje-gwaje masu wannan ɗabi'a suka riƙa faɗuwa, ana harhaɗa laburare da giɓi ba wanda ya sani, abin da ya sa masu kula da Fedora da Gentoo suka duƙufa gyaransu. A shekarar ce kuma aka gano an cusa ɗigo guda cikin gwajin CMake na manhajar xz, don kariyar Landlock ta riƙa fitowa a matsayin babu, a kashe ta shiru.

Saboda haka, duk "no" da ba ka yi tsammani ba, buɗe config.log. A ciki za ka ga shirin gwajin, da umarnin da aka bayar, da ƙorafin kwamfaila. In ka sauya kwamfaila, share tsohon ma'ajin sakamako, kamar CMakeCache.txt, a sake gwajin daga farko. Allah Ya ƙara basira.