Darasi na Tara: Zaman Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka Tsakanin Itace da Tururuwa da Funfuna

Manufa
A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya bayyana wani batu na kimiyya da tsantsar Hausa, ta hanyar fara wa yara da abin da suka saba gani.

Gabatarwa
Duk wanda ya ratsa gonakin da ke tsakanin Kankiya da Kusada ya san suri. Idan aka fasa shi, akan tarar da wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma. Gonar gara ce: tana tauna ganye da itace ta shimfiɗa, funfuna ta tsiro a kai ta narkar da su, sannan garar ta ci. Gara dai ba tururuwa ba ce, amma akwai tururuwar da ke irin wannan noma a cikin itace mai rai.

Abokan Zama Uku
A dazukan kudancin Kamaru akwai itacen da masana ke kira Leonardoxa africana, wanda rassansa ke da kogo. Wata ƙaramar tururuwa ce ke zaune ciki, tana shan zaƙin da ganyensa ke fitarwa, tana kuma korar ƙwarin da ke cin tohonsa. A 2009 aka nuna cewa wata baƙar funfuna na zaune tare da su a kogon. Tururuwa na tara mata shara ta zame mata taki, kuma a 2012 aka tabbatar cewa ana ciyar da 'ya'yan tururuwar da ita. Itacen ma yana samun rabonsa daga takin.

A Kenya kuwa, binciken 2017 kan wata ƙaya, dangin bagaruwa, ya gano cewa kowane jinsin tururuwa da irin funfunar da ake samu a ɗakinsa, ko da itacen iri ɗaya ne.

Kammalawa
Ke nan ba kowace funfuna ce ɓarna ba. Sare itace ɗaya na iya rusa gidan halittu uku. Malamin da ya fara da suri kafin ya kai yara Kamaru ya sauƙaƙa musu hanya.

Auna Fahimta
1. Me kowane ɗaya daga cikin abokan nan uku ke samu?
2. Kawo karin magana biyu da suka dace da wannan zama.
3. Tsara darasin minti 30 kan suri domin 'yan aji biyar na firamare.