Darasi Don Iyali: Nonon Uwa Zalla Har Wata Shida



A wata bazara da zafi ya kai maƙura, na je wani ƙauye tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma domin in yi wa wata jaririya baftisma. Kwananta ashirin a duniya. Bayan mun gama, sai na ga kakarta ta ɗebo ruwa daga randa tana ɗura mata da cokali. Na ce, "Inna, ai nono ya ishe ta." Ta dube ni ta ce, "Fada, tun zuwanka ka sha moɗa biyu. Ita ba rai gare ta ba?" Ƙauna ce ta sa tsohuwar nan ta yi haka, ban yi mata faɗa ba. Amma ba a yi mako biyu ba aka kai jaririyar asibiti tana gudawa. Allah ya tashi kafaɗunta. Tun ran nan na ƙudura in rubuta wannan darasi, domin sababbin iyaye mata, da kakanni, da kuma mu maza.

Me ya sa maganar take da nauyi?

A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da cewa yara 652 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Tsadar abinci da rashin tsaro da ya hana mutane noma suna cikin manyan dalilai, kuma ba su a hannun uwa. Amma akwai kariya guda da ke hannun kowane gida, ba a kuwa sayenta a kasuwa. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawara cewa a ba jariri nonon uwa zalla har ya cika wata shida, sa'an nan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Nijeriya jarirai 29 kawai cikin 100 suke samun nono zalla. Saura ana haɗa musu da ruwa, ko jiƙo, ko kunu tun cikinsu bai yi ƙwari ba.

Sa'ar farko da dakashi

Da zarar an haihu, a goge jikin jariri, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a lulluɓe su. A sa shi a nono kafin awa ɗaya ta cika. Tsotson nan na farko yana taimakon mahaifa ta tsuke, jini ya ragu.

Nonon farko mai kauri, mai launin rawaya, shi ne dakashi. A gidaje da yawa ana tatse shi a zubar, ana cewa datti ne ko ya lalace. Wasu har gwajin nono suke yi da tururuwa kafin su yarda a ba yaro. Wannan hasara ce babba. Dakashi cike yake da abubuwan da ke kare jariri daga cututtuka, yana kuma taimakonsa ya fitar da baƙin kashin farko. Ba shi da yawa, gaskiya ne, amma cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu a lokaci guda ba. Kada a ba shi zuma, ko madarar akuya, ko ruwan ɗumi da sunan ana jiran nono ya zo. Tsotso ne ke kawo nono.

Maganar ruwa

A nan ne gardama take. Kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, ruwa mai tsabta wanda bai bi ta rijiya ko jarka ba. Nonon da ke fara zuwa idan yaro ya kama yana da ruwa-ruwa, shi ke kashe ƙishi. Wanda ke biyo baya yana da maiƙo, shi ke ƙosarwa da sa ƙiba. Saboda haka ko a zafin Afrilu da Mayu jariri ba ya bukatar ruwa. Idan zafi ya yi yawa, a yawaita sa shi a nono, uwar kuma ita ta sha ruwa sosai.

Ruwan da aka ba jariri yana yin ɓarna biyu. Yana iya kai masa ƙwayoyin cutar gudawa, yana kuma cika masa ciki ya rage tsotso, nono kuwa ya ja baya. Bari in faɗa a fili domin mu Katolika: ko ruwa mai tsarki da firist ya sa wa albarka, yayyafawa ake yi, ba a ɗura wa jariri. Abin da aka yarda a ba shi kawai shi ne maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta, da ɗigon rigakafi, da ruwan gishiri da sukari idan yana gudawa.

Yadda ake riƙe yaro a nono

Yawancin ciwon kan nono daga rashin kamu mai kyau yake. Uwa ta zauna ta jingina bayanta. Ta juyo da yaron gaba ɗaya, cikinsa yana taɓa cikinta, kansa da jikinsa a miƙe, ta tallafe shi duka, ba wuyansa kaɗai ba. Ta taɓa leɓensa da kan nono, ta jira ya buɗe baki sosai, sa'an nan ta jawo shi. Alamun kamu mai kyau huɗu ne:

1. Bakinsa a buɗe yake sosai.
2. Leɓensa na ƙasa ya lanƙwaso waje.
3. Haɓarsa tana taɓa nono.
4. Baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa.

Idan uwa tana jin zafi, ta sa ƙaramin yatsa mai tsabta a gefen bakinsa ta cire shi a hankali, ta sake gwadawa. A bar shi ya gama da nono ɗaya kafin a juya shi ga ɗayan. A ba shi dare da rana, sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, tun yana juya kai yana tsotson hannu, ba sai ya yi kuka ba.

"Nonona bai isa ba"

Wannan kuka na sha jinsa daga bakin 'ya'yanmu masu haihuwar fari. Ga ma'auni: idan bayan kwana biyar yaro yana fitsari sau shida ko fiye a rana, kuma nauyinsa yana ƙaruwa a awo, to nono ya isa. Girman nono ko ƙanƙantarsa ba shi ne ke nuna yawan abin da ke ciki ba. Gwargwadon tsotso, gwargwadon zuwansa.

Mai jego ta ci ta ƙoshi daga abin da Allah ya hore: tuwo da miyar kuka ko zogale, wake, gyaɗa, ƙwai, fura da nono. Amma a yi hattara da kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura cewa yawan shan kanwa, da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, suna da alaƙa da ciwon zuciya ga masu jego. Duk mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi yake yi mata wuya, a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba.

Idan nono ya cika ya yi tauri, a gasa da tsumma mai ɗumi, a tatse kaɗan, a ci gaba da ba yaro. Idan ya yi ja da zafi har da zazzaɓi, a je asibitin Kurfi ko na Dutsin-Ma, ko wanda ya fi kusa, amma kada a daina shayarwa. Uwa mai zazzaɓin cizon sauro ko mura tana iya shayarwa. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau ma tana shayarwa, muddin tana shan maganinta kullum bisa shawarar likita. Wadda za ta gona ko kasuwa ta tatsa a kofi mai tsabta mai murfi, a ajiye a inuwa, a ba yaron da kofi cikin awa huɗu. A guji bulumboti, domin wanke shi yana da wuya.

Bayan wata shida

Daga nan nono kaɗai ba ya isa. A fara da kunun gero mai kauri da aka haɗa da gyaɗa ko waken suya, a ƙara ƙwai, da ganye, da ɗan manja, da ruwan da aka tafasa. A ci gaba da nono. Idan uwa ta sami ciki tana goyo, nononta bai zama guba ba, kada a yaye yaro dare ɗaya. Yaye a yi shi sannu a hankali, ba da shafa maɗaci ba.

Aikin gida duka da na Ikilisiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwar da ke daka, da ɗebo ruwa, da neman itace tun mako na biyu, yaushe za ta zauna ta shayar sau goma? Maigida, wannan naka ne: ka rage mata aiki, ka kawo cefane, ka tsaya mata cikin ladabi idan Inna ta ɗauko cokali. Kakanni, ku ne masu faɗa a ji a ɗakin jego, ku zama masu tsaron dakashi. Zumuntar Mata Katolika, ku ziyarci mai jego tun kwana uku na farko, ba sai ranar suna ba.

Kada kuma wata uwa ta fita daga coci don kunyar shayarwa. A Janairun 2014, lokacin da yake yi wa jarirai baftisma a Batikan, marigayi Fafaroma Francis ya gaya wa iyaye mata su shayar da 'ya'yansu a nan cikin ɗakin sujada idan sun ji yunwa. Ubangijinmu kansa nonon Budurwa Maryamu ya sha ya girma.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiyoyi

1. A gidanmu, me ake fara ba jariri, kuma wa ke yanke wannan shawara?
2. Wane aiki maigida zai iya ɗauke wa mai jego a wata shida na farko?
3. Wace mai jego ce a unguwarmu, Kirista ko Musulma, za mu kai wa wannan darasi a makon nan?

Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya ba iyayensu mata lafiya da ƙarfi. Amin.